Hukuncin da aka gama a gida, ana sake karanta shi a bakin iyaka

A fom ɗin neman bizar Amurka, wanda ake cikewa ta intanet, akwai wata tambaya can wajen ƙarshe da mutanenmu da yawa ba su taɓa karanta ta da idonsu ba. Cewa take yi: shin an taɓa kama ka, ko an taɓa yanke maka hukunci a kan wani laifi, ko da daga baya an yi maka afuwa? Yaron shagon intanet ko ejan ɗin da ke cike wa mutum fom yakan bi jerin tambayoyin nan yana danna "a'a" tun daga sama har ƙasa, bai ko ɗago kai ya tambayi mai fasfo ba. Ga mafi yawan mutane amsar daidai take. Amma ga wanda ya taɓa kwana a bayan kanta, ko ya taɓa tsayawa gaban alƙali, wannan dannawar guda ɗaya tana iya jawo masa abin da laifin kansa bai jawo masa ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne babu ƙasar da doka ta tilasta wa karɓar baƙo. Ƙasarka ce kaɗai ba ta da ikon rufe maka ƙofa. Biza ma izini ce ta zuwa bakin ƙofa a yi sallama. Jami'in shige da fice da ke zaune a filin jirgi yana da ikon ya duba ka ya mayar da kai a jirgin da ya kawo ka. Kuma idan ya zo auna tsohon laifinka, ba da mudun ƙasarku yake awo ba. Da nasu yake yi. Nan ne mutane suke ruɗewa, domin a ganinsu an yi shari'a, an biya tara, an yi zaman gidan yari an fito, magana ta ƙare. A kotun da ta yanke hukuncin ta ƙare. A ofishin jakadancin wata ƙasa kuwa sabuwa ce fil.

Kanada ce ta fi kowa fito da wannan tsari a fili. Sashe na 36 na dokarta ta shige da fice, wadda ta fara aiki a 2002, ya umarci jami'i ya ɗauki abin da ka aikata a waje ya tambayi kansa: da a Kanada aka yi wannan, wane laifi ne, kuma mene ne mafi tsananin hukuncin da doka ta tanada masa? Idan mafi tsananin ya kai shekara 10, an sa ka a sahun masu babban laifi, ko da kai tara kawai ka biya a ƙasarku. Sata, alal misali, idan abin da aka sata bai wuce dalar Kanada 5,000 ba, iyakar hukuncinta shekara biyu. Idan ya haura haka, shekara 10. Tuƙi cikin maye ne ya fi kama mutane ba shiri. Ranar 18 ga Disamba 2018 Kanada ta ɗaga iyakar hukuncinsa daga shekara biyar zuwa 10, sai ga shi Ba'amurken da aka taɓa ci tara a garinsu saboda ya yi tuƙi a buge ya wayi gari cikin jerin masu manyan laifuka a idon maƙwabciyarsu. Tunda 'yan sandan ƙasashen biyu suna buɗe wa juna rumbun bayanansu, jami'in da ke kan iyaka yana ganin abin a kwamfuta da zarar ya sa fasfo.

Sai dai wannan ma'auni yana da fuska biyu. Abin da yake laifi a wurinmu amma ba laifi ba ne a dokar Kanada, ba ya hana mutum shiga. Kuma Kanada ta bar ƙofar tuba a buɗe, wanda a ganina shi ne abin yabo a tsarinta. Bayan shekara biyar da kammala hukunci mutum yana iya rubutawa ya nemi a amince ya gyaru. Idan laifin guda ɗaya ne kuma ba babba ba, bayan shekara 10 ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya gyaru ko bai nema ba. Wanda kuma yake da larura mai ƙarfi kafin lokacin ya cika yana iya neman izinin shiga na wucin gadi. Amma a lura da inda lissafin yake farawa: daga ranar da aka gama hukunci gaba ɗaya ne, ba ranar da aka yanke shi ba. Wanda aka ci tara bai biya ba sai bayan shekara uku, daga ranar biyan ake fara ƙirga masa.

Amurka ta bi wata hanya dabam, mai wuyar kamawa. Dokarta ta shige da fice ta 1952 ta hana shiga ga wanda ya aikata laifin da ke nuna lalacewar ɗabi'a, amma ba ta zayyana laifukan ɗaya bayan ɗaya ba, ta bar wa kotuna. Abin da ya tabbata tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1951 shi ne duk laifin da ke da zamba a cikinsa ya shiga ciki. Sata ma haka, da kisa, da fyaɗe, da yi wa mutum mummunan rauni da gangan. Akwai sassauci ga ƙaramin laifi guda ɗaya, amma da sharaɗi biyu a haɗe: iyakar hukuncin da dokar ta tanada kada ya wuce shekara ɗaya, kuma ɗaurin da aka yanke wa mutum kada ya wuce wata shida.

A nan nake so ɗan Arewa ya tsaya ya duba da kyau. A kundin Penal Code da Arewacin Najeriya ya daɗe yana aiki da shi, sashe na 287 ya ce hukuncin sata yana iya kaiwa shekara biyar, sashe na 322 kuma ya ba cuta ko zamba har shekara uku. To ka ɗauki saurayin da aka gurfanar a kotun majistare kan wayar salula. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ja shi gefe ya ce masa, "Ka amsa kawai, tara za a ci ka ka tafi gida, in ka musa kuma sai a kai ka gidan yari jiran shari'a." Ya amsa, aka ce wata uku ko tara, 'yan'uwa suka haɗa kuɗi suka biya, ya kwana a gida ran nan. Shekara takwas bayan haka ya samu gurbin karatu a Amurka. Wata ukun da aka yanke masa bai kai wata shida ba, amma dokar da aka kama shi da ita tana kaiwa shekara biyar, saboda haka sassaucin bai hau kansa ba. Haka abin yake ga samarin da hukumar EFCC take kaiwa kotu kan damfarar intanet su yi yarjejeniyar amsa laifi don a sassauta musu. A ranar suna ganin sun tsira. Ba wanda yake zaunar da su ya gaya musu cewa kalmar zamba da aka rubuta a takardar hukuncin ita ce ainihin kalmar da jami'in biza yake nema.

Batun ƙwaya ya fi wannan tsanani. A dokar Amurka duk hukuncin da ya shafi miyagun ƙwayoyi yana hana shiga, babu ruwansu da ƙanƙantarsa, kuma tramadol da kodin duk suna cikin jerin magungunan da gwamnatin tarayyarsu ta sa wa takunkumi. Ba ma sai an yanke hukunci ba: idan mutum ya amsa da bakinsa a gaban jami'i cewa ya aikata, hakan yana iya wadatarwa. Kanada ta halatta wiwi a watan Oktoba 2018, jihohin Amurka da dama ma sun halatta, amma iyaka ta gwamnatin tarayya ce, a wurinta kuma har yanzu haram ce. Japan ma ba ta wasa da wannan. Dokarta ta hana shiga ga wanda aka taɓa ɗaure shekara ɗaya ko fiye, da duk wanda aka taɓa hukuntawa kan ƙwaya komai daɗewa. A 1994 ta hana Diego Maradona biza saboda tarihinsa na hodar ibilis, har ƙungiyar Ajantina ta fasa zuwa gasar ƙwallo ta Kofin Kirin da ake yi a Japan gaba ɗaya. Ƙasar da ta yi wa Maradona haka ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, ba za ta ɗaga wa ɗan kasuwar kayan gyaran mota ƙafa ba.

Birtaniya da Ostireliya sun sauƙaƙa wa kansu lissafi, sun kafa shi a kan wata 12. Tun Disamba 2020 ƙa'idar Birtaniya ita ce wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, a ko'ina a duniya, dole a ƙi ba shi biza. Kafin nan sai ɗauri ya kai shekara huɗu yake zama hani na dindindin, kuma da waccan tsohuwar ƙa'idar aka hana Mike Tyson shiga a Disamba 2013, saboda ɗaurin shekara shida da aka yanke masa a 1992 kan fyaɗe. Ostireliya tana aiki da sashe na 501 na dokarta ta 1958. Abin da alƙali ya furta take dubawa, ba kwanakin da mutum ya yi a ciki ba, don haka ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka ma yana shiga lissafi, kuma ana tara ƙananan hukunce-hukunce a haɗa su su kai wata 12.

Afuwa fa? Mutane suna ɗauka idan shugaban ƙasa ko gwamna ya yi wa mutum afuwa, an wanke allon ke nan. A cikin gida haka ne. A watan Maris 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa tsohon gwamnan Bayelsa Diepreye Alamieyeseigha afuwa kan laifukan da ya amsa a kotun Najeriya a 2007, amma wannan bai taɓa tuhumar da ke jiransa a Landan ba, inda ya tsallake beli ya gudo a 2005. Ikon afuwar shugaba a iyakar ƙasarsa yake tsayawa. Shi ya sa tambayar fom ɗin Amurka ta ƙara da cewa "ko da an yi maka afuwa". Kuma suna idan ya shiga jeri, fitarsa aiki ne. Nelson Mandela, bayan ya yi shugabancin Afirka ta Kudu ya sauka, ya ci gaba da buƙatar izini na musamman kafin ya shiga Amurka, sai a 2008 majalisarsu ta yi dokar da ta cire shi da 'yan jam'iyyarsa ta ANC daga jerin waɗanda ake zargi da ta'addanci.

Tambayar da kowa yake yi a ɓoye ita ce: ta yaya za su sani? Gaskiya babu wata kwamfuta guda a duniya da ta tara laifin kowa da kowa. 'Yan sandan duniya na Interpol, masu hedikwata a birnin Liyon na Faransa, suna riƙe bayanan waɗanda ake nema ruwa a jallo da fasfunan da aka sace ko suka ɓace, ba rajistar kowace kotun majistare ba. Jar sanarwarsu roƙo ce ga ƙasashe su tsare wanda ake nema, kamar yadda aka kama tsohon gwamnan Delta James Ibori a Dubai a 2010, aka miƙa shi Birtaniya, aka ɗaure shi shekara 13 a 2012. Hukuncin da aka rubuta da biro a wani babban littafi a ƙaramar kotu a ƙauye, mai yiwuwa ne jami'in biza ba zai taɓa ganinsa ba.

Amma wanda ya dogara da wannan yana caca ne da rayuwarsa, kuma kullum cacar tana ƙara tsada. Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da New Zealand suna musayar zanen yatsun masu neman biza a tsakaninsu, don haka wanda aka kora daga ɗaya ya canza suna ya nufi wata, yatsunsa ne za su tona shi. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna da rumbun bayanai guda da kowace take gani. Hukumomi irin su EFCC da NDLEA suna wallafa sunayen waɗanda aka yanke wa hukunci, sau da yawa har da hotuna, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Ga biza ta zama ko ta aiki ko wasu nau'o'in karatu ana neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda a Najeriya ake ɗaukar zanen yatsu kafin a bayar. A Nijar takardar da ake kira kaziye ce, wadda ake karɓa a kotu, kuma galibi ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Wasu ƙasashen Asiya irin su Thailand da Indonesiya, sai ɗan Najeriya ya kawo takardar wankewa daga NDLEA.

Idan kuma aka kama mutum da ƙarya, hukuncin ƙaryar dabam yake da na laifin. A Kanada hanin shekara biyar ne. A Birtaniya yana kaiwa shekara 10. A Amurka na har abada ne, sai dai a nemi a ɗage, kuma ba kowa ake ɗage wa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau da yawa laifin da aka ɓoye ba zai ma hana biza ba da an faɗe shi. Faɗa ne a filin ƙwallo aka ci tara, ko kamu ne da aka yi bisa kuskure aka saki mutum ba tare da tuhuma ba. Kamu ba hukunci ba ne, jami'an ma sun san haka. Ku tuna ɗalibar nan da aka tsare a Madina a Disamba 2018 saboda ƙwayoyin da wasu ma'aikata a filin jirgin Kano suka saka a jaka suka liƙa mata sunanta, aka wanke ta aka sake ta a 2019. Mai irin wannan tarihin, idan fom ya tambaye shi ko an taɓa kama shi, amsarsa "e" ce, sai ya haɗa da takardar da ta wanke shi, kuma wannan ba ya cikin abin da ke hana shiga. Idan ya ce "a'a" aka gano, ya ƙirƙiro wa kansa laifin da da can ba shi da shi. Cewa ejan ne ya cike ba ta fisshe shi, domin da sunansa aka sa hannu.

A iyakokinmu na kusa lamarin ya fi sauƙi, amma ba kamar yadda ake zato ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar yankin ya zauna kwana 90 babu biza, sai dai sashe na huɗu na yarjejeniyar ya bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ta ɗauka baƙon da ba a so. Mai wucewa ta Illela zuwa Ƙonni, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Maigatari, ba a saba tambayarsa tarihin kotu ba, katinsa da kayansa ake dubawa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairu 2025 ta sa wannan 'yanci ya koma hannun fahimtar juna tsakanin gwamnatoci. Kuma na'urorin ɗaukar yatsu da hoto suna ta isa manyan mashigai, ga tsarin haɗa bayanan 'yan sandan Afirka ta Yamma da Interpol ta kafa da kuɗin Tarayyar Turai.

Saudiyya ce inda abin ya fi shafar gidajenmu kai tsaye. A can ba tsohon laifin gida ne ya fi hana mutane ba, laifin da aka yi a can ne. Wanda ya je Umara ya ƙi dawowa ya zama ɗan takari, aka kama shi aka kai shi tarhil, ana ɗaukar yatsunsa kafin a sa shi a jirgi, kuma sabon fasfo da sabon suna ba sa canza yatsa. A dokokin da suka sanar don Hajjin 2025, wanda aka kama yana ƙoƙarin yin aikin Hajji babu izini zai biya tarar da ta kai riyal 20,000, baƙo kuma a kore shi a hana shi dawowa shekara 10. Ga dattijon da ya haura sittin, shekara 10 tana iya zama ita ce damarsa ta ƙarshe ta sauke farali. Wanda kuma aka ɗaure a waje kan ƙwaya ya dawo, akwai abin da ke jiransa a gida: dokar soja mai lamba 33 ta 1990, wadda ta shige cikin dokar NDLEA, ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga ɗan Najeriyar da aka samu da laifin ƙwaya a ƙasar waje, bisa zubar da mutuncin ƙasa.

Ban ga laifin ƙasar da ta ce ba ta son mai fyaɗe ko dillalin ƙwaya a cikinta ba. Mu ma ba ma so. Inda nake ganin rashin adalci shi ne yadda ma'aunin yake ɗauka cewa duk kotunan duniya iri ɗaya ne. Wata 12 a ƙasar da ake ba wanda ake tuhuma lauya kyauta ba daidai yake da wata 12 a inda talaka yake amsa laifi don kawai ya guje wa shekara biyu ta jiran shari'a ba. Mai kuɗi yakan ɗauki lauya tun ranar farko, a sasanta a janye ƙara, takardarsa ta fita fes. Talaka ne yake fita da tabo, kuma shi ne daga baya ba shi da kuɗin lauyan shige da fice da zai rubuta masa takardar neman a ɗage hani.

Duk ƙofofin da na ambata, na Kanada da na Amurka da sauransu, da takarda ake buɗe su. Za a nemi kwafin takardar tuhuma, da kwafin hukunci mai hatimin kotu, da rasiɗin tarar da aka biya ko takardar sallama daga gidan gyaran hali, da ainihin lafazin sashen dokar da aka yi hukunci da shi, a fassara idan da Hausa ko Larabci ko Faransanci aka rubuta. A kotunanmu kuwa fayil yana ɓacewa, ruwa yana cinye shi, gara tana cinye shi, a canza wa rejistara wurin aiki wanda ya gaje shi ya ce bai san inda aka ajiye ba. Wanda ya san ya taɓa shiga kotu, ko da wanke shi aka yi, ya koma wurin rejistara tun yanzu da alƙalin da ma'aikatan suke nan, ya biya kuɗin kwafi, a buga masa hatimi, ya ɗauki hotonsu a waya ya kuma adana na takarda tare da takardun filinsa da na makaranta. Ranar da gurbin karatu ko aiki ko neman magani ya taso, ofishin jakadanci 'yan makonni yake bayarwa a kawo su.